Zabin SADA da Dam ɗin Pwalugu: Jawabin Ofishin Akawu a Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya

 

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, magajiyoyin kasuwa, 'yan'uwa direbobi da masu lodi, da baƙinmu da suka taso daga Bolga, Bawku da Kumasi, muna yi muku barka da zuwa Tamale. Allah ya kai mu wata shekara, mun gode masa. Waɗanda muka fara wannan tafiya da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

An ba ofishin akawu 'yan mintoci. Aikinmu riƙe littafi ne: wa ya biya, wa ake bi, motar wa ta tashi, kayan wa suka ɓata. To yau ma littafi za mu buɗe, amma na bashin da muke bin shugabannin siyasa. Muna roƙon dattawa su yi mana afuwa idan murya ta ɗan hau, abin ne ya daɗe yana cin mu.

Shafi na farko. A shekarar 2010, zamanin marigayi Shugaba Atta Mills, majalisa ta yi dokar da ta kafa hukumar SADA, domin arewa ta kamo kudu a wajen ci gaba. Mun yi murna. Sai aka ware wajen sidi miliyan 15 don kiwon zabi tare da wani kamfani. Ga iyayenmu masu lissafi da tsohon kuɗi, biliyan 150 ke nan. Aka kuma ba da kwangilar sama da sidi miliyan 30 don dasa itatuwa miliyan 5. A 2014, lokacin mulkin Shugaba John Mahama na farko, ɗan jarida Manasseh Azure Awuni ya bi sawun kuɗin, ya fito da abin da ya gani. Itatuwa da yawa sun mutu, wasu wutar daji ta cinye. Zabi kuwa, har abin ya zama barkwanci a ƙasa, ana cewa sun tashi sun tafi Burkina. To mu ne muke bin hanyar Burkina kowane mako. Akwai wanda ya taɓa cin karo da su a Paga ko a Po? Muna dariya, amma kuɗin asibiti ne da na makarantar 'ya'yanmu.

Shafi na biyu. Gwamnati ta canza a 2017. Aka soke SADA, aka kafa Hukumar Raya Arewa, NDA. Aka zo mana da alkawarin kowane ƙauye da dam ɗinsa. Waɗanda ke shiga ƙauyuka sayen hatsi da dabbobi sun ga abin da aka haƙa. Da yawa kududdufai ne, kafin rani ya yi nisa sun ƙafe, alhali don rani aka ce an yi su.

Shafi na uku shi ya fi ciwo. A watan Nuwamba na 2019, Shugaba Akufo-Addo ya je Pwalugu ya ƙaddamar da aikin babban dam a kan kogin Farin Volta, na kusan dala biliyan 1. Aka ce zai ba da wutar lantarki, zai shayar da gonaki kimanin hekta 25,000, zai kuma tare ambaliyar da ke cin gonakinmu duk lokacin da aka buɗe dam ɗin Bagre a Burkina. Daga baya ta fito fili cewa an biya ɗan kwangila kusan dala miliyan 12. Duk wanda ya bi hanyar Bolga ya wuce Walewale ya haye gadar Pwalugu ya san babu dam. Gani ya kori ji.

A garin nan na Pwalugu kuma akwai masana'antar tumatir da ta daɗe a rufe. Iyayenmu mata suna wuce ta a cikin mota, su ƙetare iyaka, su shiga ƙauyukan Burkina neman tumatir, a daidai lokacin da kowa ya san halin tsaro a can. Da an yi dam ɗin nan, da wani tumatirin a gida za a saye shi. Mace ta bar 'ya'yanta ta kwana a hanya da ranta a hannu, saboda wani ya sha tafi a gaban kyamara ya koma Akra ya manta.

Ku lura, ba mu ware jam'iyya ba. A zauren nan akwai masu lema, akwai masu giwa, kuma duk 'yan'uwan juna ne. Zabi na wannan ne, dam na wancan. Wanda zai fusata da ɗaya ya kare ɗaya, jam'iyyarsa yake yi wa aiki, mu kuwa kasuwarmu muke karewa.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa da kuɗin gwamnati? Ku tuna 2022. A farkon shekara dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshenta ta haura 14. A watan Disamba hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, daga baya ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga IMF. Mu da muke canjin sidi zuwa sefa kafin mu sayi albasa ko shanu, mun ga jari yana narkewa a aljihu. A littafinmu akwai membobin da a da suke cika mota su kaɗai, suka koma mutum uku ko huɗu a mota ɗaya. Akwai waɗanda suka bar sana'ar gaba ɗaya. Bashin da aka ciwo da sunanmu ba a yi aiki da shi ba, mu muka biya a bakin iyaka.

Kuma idan na sama ya ci, na ƙasa ba ya jin kunya. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a kan 'yancin zirga-zirga. Amma direbanmu da takardunsa cikakku zai tsaya a wani shinge, a riƙe shi a rana da kayan gwari, har sai ya miƙa abin da ba a ba shi rasit. Mai kakin nan ya san abin da ya faru da miliyoyin zabi, me zai hana shi karɓar sidi 20?

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma da laifinmu. Lokacin zaɓe ana kawo mana atamfa, shinkafa, babur da ambulan, mu karɓa mu yi shewa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya sayi ƙuri'arka ya gama biyan ka, ba ka da bakin tambayarsa dam. A kasuwar Aboabo, idan mutum ya karɓi kuɗin buhu 50 bai kawo kaya ba, ba ya sake samun amana ko da ɗan wane ne. Me ya sa ɗan siyasa kaɗai muke yi wa rangwame?

Don haka ofishin akawu yana gabatar wa taro shawara uku.

Ta ɗaya, mu buɗe littafin alkawari. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu kafin zaɓen 2028, a rubuta abin da ya faɗa, da rana, da shaidu, ya sa hannu. Kowace shekara a wannan biki a karanta shi a bainar jama'a.

Ta biyu, mu yi amfani da dokar 'yancin samun bayani ta 2019. Dokar ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati takarda ya nemi bayani, kuma ta ba su kwana 14 su ba da amsa. Takardarmu ta farko ta tambayi inda aka kwana a kan kuɗin Pwalugu. Gwamnati mai ci ta yi alkawarin ƙwato dukiyar da aka wawure. Madalla. Muna so a bi na kowa, har da na 'yan gida.

Ta uku, kowace mota ta riƙe ɗan littafi. Duk shingen da aka tsayar da ita, a rubuta wurin, da lokaci, da abin da aka karɓa. Bayan wata shida mu haɗa, mu kai wa hukuma da gidajen rediyo. Kuka da baki ana musun sa, lissafi a rubuce yana da wuyar musu.

Kuma tunda mun nemi a buɗe littafin wasu, namu ma a buɗe yake. Kuɗin wata-wata, kuɗin gudummawar rasuwa, da abin da aka kashe a wannan biki, duk suna kan tebur a bakin ƙofa. Duk memban da ke so ya duba kafin ya fita. Idan kun ga kuskure, ku kama mu tun a nan.

Muna roƙon malamanmu da sarakunanmu, idan manyan nan sun zo gaisuwa, bayan addu'a a tuna musu cewa mulki amana ne, kuma akwai ranar da za a buɗe littafin kowa.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da Gana da maƙwabtanta lafiya. Allah ya maimaita mana.