Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo: Darasi Daga Rangadin Bishop



An nemi mu yi magana a kan shugabanci a ƙungiyarmu. Mun zaɓi mu ɗauko misali daga wajen maƙwabtanmu Kiristoci, domin wasunsu abokan aikinmu ne, 'ya'yansu kuma suna zaune a ajujuwanmu.

A tsarin ɗarikar Katolika, majami'un jihohin Kano da Jigawa suna ƙarƙashin bishop guda ne, mai zama a Kano. Tun shekarar 2008 Bishop John Namaza Niyiring ke riƙe da wannan kujera. Kundin dokokin ɗarikar, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1983, bai bar wa bishop zaɓi ba game da fita rangadi. Ya wajabta masa ya ziyarci yankinsa kowace shekara, ko duka ko wani sashe, ta yadda shekara biyar ba za ta cika ba sai an zagaye ko'ina. Idan uzuri ya hana shi, sai ya tura wakili. Dokar ba ta ce a fifita inda jama'a suka fi yawa ba. Ƙaramar majami'ar ƙauye tana da haƙƙi irin na babbar majami'ar birni.

Ziyarar kuma ba ta gaisuwa kaɗai ba ce. Ana duba mutane da gine-gine da kayan ibada, ana buɗe littattafan da ake rubuta baftisma da aure da mutuwa. Sai sharaɗin da ya fi jan hankalinmu: an gargaɗi bishop kada zuwansa ya ɗora wa kowa nauyin kashe kuɗin da ba dole ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Lautai. Kalmar rangadi tamu ce, sarakunanmu da hakimansu sun daɗe da sanin cewa talaka ba ya iya kawo dukkan kukansa fada. Abin tambaya shi ne, mu malamai yaya muke karɓar masu zuwa duba mu?

Mun san amsar. Da zarar labari ya iso cewa baƙi na tafe, sai a share harabar makaranta, a aro benci daga makarantar da ke kusa, a bi gida-gida a tattaro yaran da suka yi wata ba su leƙo aji ba. Sai a yi karo-karo daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba, a yanka kaji. Baƙo ya ci, ya sa hannu a littafi, ya koma da rahoton lafiya lau. Rufin da iska ta yaye yana nan, malami guda yana nan da aji uku. Mu da kanmu muka rufe bakin da zai yi mana magana. Hausawa kuwa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Saboda haka muna gabatar wa reshe shawarwari uku. Na farko, shugabanninmu su tsara jadawalin rangadi a rubuce, wanda zai kai su kowace makaranta kafin wa'adinsu ya ƙare, su fara da na nesa: su Bosuwa da Galadi, su Ɗanzomo, su Medu, kafin na cikin gari. Na biyu, kada malami ya cire ko kwabo daga aljihunsa don tarbarsu. Ruwan randa ya isa. Na uku, a buɗe musu rajista yadda take, a kai su ajin da ya fi lalacewa, sannan a karanta abin da suka gani a gaban taro irin wannan.

Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya ta kafu tun 1931 domin malamin da ke nesa ya samu mai jin muryarsa. Wanda ke koyarwa a bakin iyakar Nijar yana biyan kuɗin ƙungiya daidai da na Gumel, ya kuma cancanci ya ga fuskar shugabansa a ƙofar ajinsa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon cika wannan amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.