Gigin Tsufa da Kasafin Kuɗi: Hakkin Dattawan Ƙasar Kabi



Zan soma da wani dattijo da na sani a wani ƙauye na bakin gulbi, arewa da Argungu. Masunci ne tun yana yaro, ya yi shekaru yana shiga Matan Fada da gora da homa. Da tsufa ya kama shi sai ya daina barci, ya daina cin abinci, yana cewa ya zama kaya a wuyan 'ya'yansa. Mutanen gida suka ce gigin tsufa ne, ba shi da magani sai haƙuri. Bayan wata takwas wani jikansa ya kai shi wurin likita. Ashe ciwon baƙin ciki ne mai tsanani, watau wanda yake danne zuciya ba da wani dalili na fili ba. Aka ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kullum, kafin wata biyu ya koma gyaran koma a zaure.

Abin da nake so mu lura shi ne, kalmar nan gigin tsufa buhu ce da muke zuba cututtuka dabam-dabam a ciki. Akwai mantuwa mai ci gaba, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan likita Alzheimer, ita kam har yanzu ba a sami maganin da zai warkar da ita ba, sai dai lallaɓawa. Akwai wadda hawan jini da shanyewar jiki suke jawowa, ita kuwa ana iya rage aukuwarta in ana auna jini ana shan magani. Akwai ruɗewa ta farat ɗaya, wadda zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko ƙishirwar bazara suke sa wa tsoho, in an yi maganin ciwon sai hankali ya dawo. Sa'an nan ga baƙin cikin da na ambata. Ba mai iya rarrabe su sai wanda aka koya wa, kuma koyon nan da kuɗi ake yin sa.

Kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. Binciken da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Yarbawa, wanda aka buga a 2007, ya nuna cewa cikin dattawa masu shekara 65 zuwa sama, kimanin 1 cikin 4 ya taɓa fama da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Ban ga abin da zai sa tsohon Ambursa ko na Gulma ya tsira ba, bayan ya ga ambaliyar 2010 da ta 2020 sun cinye masa shinkafa a fadama, 'ya'ya kuma sun tafi cin rani Legas.

To, ina za a kai shi? Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ya fi kusa da mu shi ne na Kware, can gaba da Sakkwato. Daga Birnin Kebbi tafiyar ta haura kilomita 150, kuma tsoho mai ruɗewa ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mutum biyu. Ku lissafa kuɗin motar mutum uku tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, ku ƙara da cewa likita zai ce a dawo wata mai zuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Saboda haka ɗan abin da yake hannunmu, watau asibitocin Birnin Kebbi da babban asibitin Argungu da ɗakunan shan magani na gundumomi, shi ne gatan talaka.

Ku ma'aikata kun fi ni sanin yadda ake rage kuɗi. Da wuya a rubuta takarda a ce an rufe sashen masu taɓin hankali. A'a, malamin jinya ne zai yi ritaya a ƙi cike gurbinsa, motar zagaya ƙauyuka ta rasa mai, magani ya ƙare a sito a ce sai an saki kuɗi. Yanzu da Amurka ta tsuke tallafinta na lafiya tun farkon 2025, kowace jiha tana neman inda za ta yanka, kuma wuƙa takan faɗa kan wanda ba shi da baki. Tsohuwar da ta manta sunan ɗanta ba za ta zo ofis ta kai ƙara ba.

Na san amsar da ake bayarwa: mu Hausawa ba ma yasar da iyayenmu, gida ya isa. Gaskiya ne, abin alfahari ne kuma. Amma wane ne gidan? Galibi suruka ce guda, ko 'yar jika da aka cire daga makaranta don ta yi tsaron kaka. In suka gaji, sai a kulle ɗaki, ko a sa mari, ko a soma raɗe-raɗin maita a kan tsohuwa mai sambatu da dare. Kuɗin da gwamnati take tsammani ta tsimi bai ɓace ba, komawa ya yi kan waɗannan mata. Tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, cewa iyali da likita tare suke aiki: mara lafiya yana zaune da danginsa a gidajen ƙauye, yana karɓar magani a asibiti.

Ta fuskar doka ba mu da uzuri. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, gadon mulkin mallaka. A Abuja kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi.

Roƙona ga masu tsara kasafi shi ne a ba lafiyar ƙwaƙwalwa layinta na kanta, da sunanta, domin abin da ba shi da layi ba a ganin ranar da aka yanke shi. A koya wa malaman ɗakunan shan magani tsarin nan mai sauƙi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 domin ƙasashe masu ƙarancin likitoci, a kuma tabbatar maganin baƙin ciki da na hawan jini ba su yanke ba, tun da ba su cikin masu tsada. Ku kuma ɗalibai, in kun je hutu, ku zauna da kakanninku ku tambaye su barci da cin abinci. In kun ga abin ya sake, ku kai su asibiti tun kafin a ce gigi ne.