Makullin Wayar Yara, a Hannun Wa Yake?

Ya 'yan'uwa iyaye na Dutsin-Ma da Kurfi, a da uba yakan hana ɗansa zuwa gidan kallo ya kwana da kwanciyar hankali. Yau gidan kallon yana cikin wayar uwar yara.

Masu waɗannan manhajoji sun yi musu makulli, mu ne muka yi sakaci da shi. YouTube Kids, wanda ya fito a 2015, yana ba uba damar rufe bincike, ya zaɓi tashoshin da ya yarda da su, ya ƙayyade lokacin kallo. Netflix, da ya shigo Nijeriya a 2016, yana da sashen yara, ana kuma kulle na manya da lambobin sirri 4. Amma fa wanda ya ce wa ɗansa ya saita masa makullin, ya miƙa masa mabuɗin ke nan. Nemi babba amintacce ya koya maka.

Ku tuna da Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu biyu. Shin kallo ya tsaya? Fim ɗin da ke kan memori, ko wanda aka tura ta Xender, ba ya bukatar intanet, makullin nan kuma ba ya tare shi. Wannan kam sai ka karɓi wayar, ka buɗe ta da hannunka a gaban yaron.