GYARA KAYANKA BA YA ZAMA SAUKE MU RABA

Jawabin da wani ɗan kwamitin makaranta ya gabatar a babban taron ƙungiya, nan Abuja



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu, Fasto da dattawan coci maƙwabtanmu da suka amsa gayyata, iyayenmu mata, matasa, ina gaishe ku da kyau. Allah ya saka wa duk wanda ya rufe shagonsa ya zo.

An ce in yi bayani a kan shawarar da kwamitin makaranta ya kawo, wato mu gayyato mutanen waje, waɗanda ba sa cin albashinmu kuma ba sa jin nauyinmu, su zo su duba yadda muke tsare yaran da iyaye suke damƙa mana a Islamiyya. Dattawan coci su ma sun ce suna da irin wannan niyya game da makarantarsu ta Lahadi da ƙungiyar matasansu. Na ji wasu daga cikinmu suna cewa wannan tonon silili ne, kuma raini ne ga malamai. To, ni ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, don haka da harshen kasuwa zan yi magana.

Duk wanda ya taɓa riƙe shago a Dei-Dei ko Wuse ko Zuba ya san ba a barin yaron shago ya ƙirga kaya shi kaɗai, sannan ya rubuta wa kansa shaida. Ko da ɗanka ne na cikinka, ƙarshen shekara sai ka kira wani ya zauna da littafi a ƙirga. Yaron kirki ba ya fushi da wannan, don ƙirgar ita ce ke wanke shi. To jama'a, idan muna yin haka saboda buhun siminti da kwandon lemo, yaya kuma 'ya'yan da muka haifa?

Bari in fara da labarin coci, tunda su ne suka riga mu shan wannan wuya. A Ingila an yi wani babban lauya mai suna John Smyth, mai faɗa a ji a sansanonin wa'azi na matasa. Tun shekarun 1970 yake yi wa yara da samari dukan kawo wuƙa da sunan tsarkake su daga zunubi. A 1982 wasu malaman coci suka samu rahoto a rubuce a kan abin da yake yi. Sai suka rufe, wai don kada sunan addini ya ɓaci. A 1984 mutumin ya koma Zimbabuwe ya buɗe wasu sansanonin, a can ma ya ci gaba, har wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu a sansaninsa a 1992. Asirinsa bai tonu ga duniya ba sai a 2017, ya kuma mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba tare da an hukunta shi ba. Da aka sa wani mai bincike mai zaman kansa ya bi diddigi, rahotonsa ya fito a watan Nuwamba na 2024, ya nuna waɗanda aka cuta sun haura ɗari. Cikin kwanaki kaɗan shugaban Cocin Ingila, Justin Welby, ya sanar da ajiye muƙaminsa, saboda labari ya iso masa tun 2013 amma bai tsaya tsayin daka an bi kadi ba.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Rufin asirin da aka yi a Ingila, yaran Afirka ne suka biya kuɗinsa. Kuma sunan da aka so a kare, ƙarshenta ya fi ɓaci.

Ba shi kaɗai ba ne. Kwamitin bincike da gwamnatin ƙasar ta kafa ya bayyana a 2020 cewa daga shekarun 1940 zuwa 2018, mutum 390 daga malaman wannan coci da masu riƙe da amanarsa ne kotu ta kama da laifin lalata da yara. Wannan ya sa yanzu suke ɗauko masu binciken waje. Daga 2024 wani kamfani mai suna INEQE ya fara bin yankunan cocin ɗaya bayan ɗaya, yana karanta takardu, yana zama da malamai da iyaye da yara da waɗanda aka taɓa cuta, sannan a buga rahoton kowa ya karanta.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar Turawa ce ko ta Kirista. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle namu gemun ma ya sha ƙuna. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake kira makarantar gyaran tarbiyya, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata guda bai cika ba aka sake samun irinsa a Daura. Iyaye ne fa da kansu suka kai 'ya'yan nan, har suna biyan kuɗi. Haka kuma ba mu manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 ta Kano ba, wadda aka sace a Disambar 2021 tana dawowa daga Islamiyya, ashe mai makarantar bokonta ne ya ɗauke ta, ya kashe ta, ya binne a cikin makaranta. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Bayan abin ya faru ne gwamnatin Kano ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su. Bayan ɓarna ke nan. Mu so muke mu yi namu kafin.

Kuma mu da ke zaune a Abuja muna da wani rauni da mutanen gida ba su da shi. A Bichi ko Funtuwa ko Maradi, idan aka kawo malami, an san ubansa, an san kakansa, an san inda ya yi karatu. Nan kuwa garin baƙi ne. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 mutane ke kwararowa. Mutum zai sauka a tasha da daddare, da safe ya ja baƙi mai daɗi ko ya yi wa'azi mai ratsa jiki, kafin sati an ba shi aji. Wanda aka kora daga wani gari saboda mugun hali, ina zai nufa? Inda ba a san shi ba.

Doka ma ba ta bar mu haka ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, kuma a wurinta duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke kula da aiwatar da ita a nan, hukuncin fyaɗe a cikinta yana kaiwa ɗaurin rai da rai. Tun Nuwambar 2019 kuma akwai rajistar ƙasa ta waɗanda aka kama da irin wannan laifi.

To yaya ake shirya wa masu bincike? Abin da zan lissafa ya shafi Islamiyya, ya shafi coci, duk ɗaya ne.

Na farko, zaɓen masu binciken. Kada ya zama ɗan ƙungiya, ko surukin shugaba, ko almajirin malam. A nemo waɗanda suka san aikin kula da yara, kuma lalle a samu mace a cikinsu. A rubuta yarjejeniya tun farko cewa rahotonsu za a karanta shi gaban iyaye, ba wanda zai goge layi ko ɗaya.

Na biyu, littafin manya. Duk babban da ke kusantar yara a rubuta shi: malami, mai gadi, mai shara, direba ko ɗan acaɓan da ke kwaso su, har mai sayar da alewa a bakin ƙofa. Daga ina ya zo, wa ya tsaya masa, a samu mutum biyu. A buga waya inda ya baro a tambayi dalilin tashinsa. A duba sunansa a rajistar da na ambata. Masu bincike wannan littafi za su fara nema.

Na uku, ƙa'idoji a rubuce da Hausa, a manna a bango, a karanta wa yara. Babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki a rufe ƙofa. Ba a aiken ɗaliba ɗakin malam ko gidan fasto da sunan shara ko girki ita kaɗai. Banɗakin maza daban, na mata daban, na malamai daban. Karatun dare sai da haske da kuma mai rakiya. Ba mai ɗaukar yaro bayan an tashi sai wanda iyaye suka rubuta sunansa. Malami ba ya aika wa ɗaliba saƙo a waya bayan idon iyayenta. Horon da ke fasa jiki ko ɗaure yaro, babu shi.

Na huɗu, wa yaro zai faɗa wa? A naɗa mutum biyu, namiji da mace, waɗanda ba a ƙarƙashin shugaban makaranta suke ba, kowane yaro ya san fuskarsu. A ba su littafi su riƙa rubuta ƙorafi da kwanan wata da abin da aka yi a kai. Ku sani, littafin da ya shekara ba a rubuta komai a ciki ba, bai burge mai bincike. Abin da zai fahimta shi ne yara suna tsoron magana.

Na biyar, kuma shi ne mai nauyi, tsofaffin maganganu. Duk abin da ya taɓa faruwa aka kashe shi a zaure da sunan sulhu, a fito da shi a gaya wa masu bincike, a sakaya sunan yaron. Kada a zauna daren jajibiri ana cika takardu da kwanan watan bara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da babu, a ce babu, su rubuta, mu gyara.

Na shida, kada a yi wa yara hadda ta amsa. A bar su su zauna da masu bincike ba malami ko fasto a wurin, da izinin iyayensu. Uwar da ta taɓa kawo kuka aka ce ta yi haƙuri, ita ma a kira ta.

Na bakwai, bayan rahoto. Kowane gyara a sa masa sunan mai yi da ranar gamawa, a ware kuɗinsa daga asusun ƙungiya, bayan shekara a sake kiran su su gani.

Amma in ja kunne. Idan yau aka yi wa yaro fyaɗe, ba a jiran masu bincike, ba a kuma jiran taron dattawa. Asibiti za a fara kai shi, domin maganin da ke kare mutum daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Daga nan sai 'yan sanda ko NAPTIP. Sulhu yana da wurinsa, a rikicin bashi da na iyakar fili. Wanda ya lalata yaro aka sallame shi a ɓoye ya koma Mararaba ko Suleja, 'ya'yan wasu muka miƙa masa.

Malamaina, Allah ya gafarta muku, na san yawancinku kuna koyarwa ne a kan ɗan abin da bai kai kuɗin cefane ba, don Allah kuke yi. Wannan tsari kariya ce gare ku. Malamin da ba ya keɓewa da yaro, ƙofarsa a buɗe, sunansa a littafi, mai ƙazafi ba ya samun inda zai kama shi. Kuma a Islamiyya ku ne kuka koya mana cewa amana abin tambaya ce ranar gobe. Wanda ya san za a tambaye shi a can, tambayar mutum biyu ko uku a nan ba za ta dame shi ba.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa ganin canji a jikin yaro. Yaron da ke son makaranta ya dawo yana kuka in an ce ya tafi, ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko kika ga kuɗi a hannunsa ba ki san mai ba shi ba, ki zaunar da shi ki tambaya a hankali, ban da duka.

Roƙona ga wannan taro shi ne kafin mu tashi a amince da shawarar kwamiti, a fitar da mutum biyar, biyu daga ciki mata, a ba su wata uku su haɗa littafin manya da ƙa'idoji, sannan a aika wa masu bincike takarda. Dattawan coci kuma, idan kun yarda, mu yi amfani da masu bincike ɗaya mu raba kuɗin, kowa da rahotonsa. Rijiya ɗaya yaranmu ke ɗiban ruwa, hanya ɗaya suke bi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare su daga mugun ji da mugun gani, ya ba mu ikon riƙe amana.