Kumburi Iri Biyu: Jawabin da Aka Yi wa Makiyaya da 'Yan Kara a Ganou



Maganarmu ta yau a kan kumburi ce. Idan ƙaya ta soki saniya a kofato, ko ɗan makiyayi a ƙafa, wurin yakan yi zafi, ya kumbura, ya yi ja, ya yi ciwo. Jiki ne ya tashi yaƙi. Hanyoyin jini sun buɗe, ruwa yana tsatsowa cikin nama, kuma cikin 'yan awoyi fararen ƙwayoyin jini sun iso suna cinye ƙwayar cuta. Mugunyar da muke matsewa, yawancinta gawarwakinsu ne. A cire ƙayar, a wanke, in Allah ya so cikin kwanaki ya sace.

Wanda ya fi damunmu shi ne na biyu, mai shiru. Idan jiki ya kasa kashe cutar, sai ya kewaye ta da tauraron nama, yaƙin ya koma na watanni. Ku tuna ciwon huhu. Saniya ta yi tari da zazzaɓi, aka yi mata allurar Terramycin sau ɗaya, ta miƙe tana kiwo, muka ce ta warke. Alhali a huhunta akwai matacciyar tsoka a ƙunshe, ƙwayar tana da rai a ciki. Ranar da wahalar tafiya ko yunwar rani ta raunana ta, ƙunshin na iya fashewa, ta tofa wa garke duka a mashaya. Mahauta shaida ne, sukan tarar da huhu manne da haƙarƙari.

Haka hantsa. Wadda ta kumbura da zafi kowa ya gan ta. Amma wadda ta daɗe, sai ta taurare, nono ya ragu, kan nono ɗaya ya mutu, ba ya dawowa. Tarin fuka ma irin wannan ne, kuma yana shiga 'ya'yanmu ta ɗanyen nono, saboda haka a tafasa.

To, mun san kuɗi suke hana mu cika allura. Duk da haka, saniyar da ta tashi daga ciwon huhu kada a kai ta kara, a Parakou ko Djougou ko Gogounou, wani ya saya ya zuba a garkensa. A ware ta, a kira likitan dabbobi, in ya ce yanka, a yanka. Sauran a kai su rigakafi.