Matashi Mai Neman Aikin Sayar da Kaya da Zaɓen Ubangida

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara na masu bayar da zakka da wakafi da kwamitocin masallatai

 



Ma'aji zai gabatar muku da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Ni kuwa an ba ni dama in yi magana a kan wani rukuni na mabuƙata da ba kasafai ake lura da su ba, domin sukan zo ne da wankakkiyar riga da takardun shaidar karatu a cikin ambulan. Su ne matasa, maza da mata, da suka kammala karatu, wasu har da bautar ƙasa, suna neman aiki. A gari irin Kano, aikin da ya fi saurin samuwa gare su shi ne na sayar da kaya: tsaron shago a Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, ko zama wakilin kamfani mai yawo da samfurin kaya kanti-kanti, ko nemo wa banki masu buɗe asusun ajiya.

Neman aikin kansa ciwo ne da ba a gani a jiki. Matashi zai biya kuɗin buga takardu da na data da na adaidaita sahu, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Zai je a gana da shi, a ce ya koma za a kira shi, wata ya wuce shiru. A gida mahaifin da ya sayar da gona ya biya kuɗin makaranta yana kallonsa, gidan yarinyar da yake nema suna tambayar sana'arsa. Daga nan barci ya ƙaurace masa, ya fara gudun majalisa da taron biki don kada a tambaye shi inda aka kwana. Bahaushe ya ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wanda ya kai wannan hali ba ya tsayawa tambayar wane ne zai ɗauke shi, kuma a nan ake cutar da shi.

Cutar takan zo da fuskoki sanannu. Akwai mai ɗaukar aiki da zai ce babu albashi sai kamasho, amma bai faɗi nawa ne ba, kuma adadin cinikin da ya gindaya kullum ƙaruwa yake yi, ta yadda wata zai ƙare yaro ya ci bashin kuɗin mota bai karɓi ko sisi ba. Akwai wanda zai umarci yaro ya ba da kaya bashi, in mai kanti ya ƙi biya sai a yanke a haƙƙin yaron, a kuma riƙe asalin takardunsa na makaranta a matsayin jingina. Akwai masu neman kuɗin fom ko na horo tun kafin a fara aiki, ko su ce sai ka sayi kayansu ka kuma kawo wasu su saya. Akwai mai tilasta wa yaro ya ɓoye aibin kaya ko ya goge ranar lalacewarsu. 'Ya'yanmu mata kuwa, wasu akan tura su ofisoshin masu kuɗi da umarnin su kawo ciniki ko ta halin ƙaƙa, kuma kowa a nan ya san abin da hakan yake jawowa.

Wani zai ce ai akwai hukuma. To, ya kamata mu san iyakar dokar. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, amma dokar ta keɓe wanda ake biya da kamasho, ta kuma keɓe duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato akasarin shagunan kasuwanninmu. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, sai dai wakilan kamfani masu yawon talla a wajen harabar kamfani ba su cikin waɗanda ta kira ma'aikata. Saboda haka mai sayar da kaya yana cikin waɗanda doka ta fi bari a hannun tsoron Allah na ubangidansu.

Shari'a ba ta bar wannan giɓi ba. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa a ijara dole lada ya zama sananne, aikin ma sananne, tun kafin a fara. Sun kuma ɗauki ɗan aiki a matsayin amintacce, ba ya biyan asarar da ta auku sai in an tabbatar da sakaci ko ƙetare iyaka daga gare shi. A ƙirali, inda wani ya ba da jari wani ya juya, kason riba sananne ne, asarar uwar kuɗi kuma tana kan mai dukiya. Tarihi ya nuna Nana Khadija (RA) ta ɗauki Manzon Allah (SAW) ya kai mata kaya Sham tun kafin annabci, bayan ta ji labarin gaskiyarsa, kuma an san ladan tun kafin ayari ya tashi. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja sun san la'adar dillali, sun kuma san sallama, wato ubangida ya yaye yaronsa da jari bayan shekarun hidima. Al'adar tana nan, amma galibi a baki take. Yaro yakan shekara goma a shago da alkawarin sallama, ubangida ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba.

Ga matasa, shawarata ita ce su binciki ubangida kamar yadda ake binciken mai neman aure. Su tambayi yaran da suka bar wurin dalilin barinsu, su duba ko akwai wanda ya daɗe ya kuma ci gaba. Su nemi a faɗa musu albashi da kamasho da ranar biya da wanda zai ɗauki kuɗin mota da bashin masu saye. In kamfani ne, su duba rajistarsa a hukumar CAC. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba da aiki, ko ya fusata don an nemi rubutu, ya riga ya bayyana halinsa. Albashi kaɗan a hannun mai cika alkawari kuma mai koyar da sana'a ya fi babban alkawari a hannun wanda ba a san shi da biya ba.

Amma matashi mai jin yunwa ba shi da ƙarfin gindaya sharaɗi, shi ya sa maganar ta dawo kanmu. Da yawa daga cikin masu bayar da zakka a wannan zaure su ne iyayen gidan waɗannan yara. Alhazai, ina roƙonku, tare da girmamawa, kowa ya rubuta wa yaransa abin da ke tsakaninsu, har da lokacin sallama da adadinta, a gaban shaidu biyu, ya kuma sanar da iyalinsa. Wanda kuka gana da shi ba ku ɗauke shi ba, ku sanar da shi ya huta da jira. Kuma a tuna cewa zakka ba ta maye gurbin albashi. Lada bashi ne a wuyan mai dukiya, ba ya halatta a tauye shi duk shekara sannan a miƙa wa yaro zakka a ce an kyauta masa.

'Yan kwamitocin masallatai, ku kuka san kowa a unguwa, kun san ɗan kirkin da ke zaune babu aiki, kun san ɗan kasuwar da bai taɓa cin haƙƙin yaro ba. Ku haɗa su. Ku zama shaidun yarjejeniya, ku ajiye kofi ɗaya a wurinku, ku shiga tsakani tun saɓani bai kai ga 'yan sanda ba. Matashi da yawa sun rasa aiki saboda babu mai tsaya musu, kuma shaidar kwamitin da ya san mutum tun yana ƙarami tana da nauyi a kasuwa.

A ɓangaren gidauniya, ina miƙa wa amintattu shawara su duba hanyar tallafa wa mai neman aiki da ya cancanci zakka da kuɗin zirga-zirga na ɗan lokaci, da kuma sauke bashi ga wanda aka ɗora wa asarar da ba tasa ba, tunda mabarta suna cikin kaso takwas da Suratut Tauba ta ambata. Wanda yake da abin sawa a baki na wata ɗaya zai iya cewa a'a ga azzalumi, kuma wanda ya samu ubangida nagari yau, muna fatan nan da 'yan shekaru ya zauna a wannan zaure cikin masu bayarwa.

Allah ya sanya albarka a dukiyoyinku da zuriyarku, ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal, ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu.