Salalarmu tana Goronyo



Na san da yawanku kun ga bidiyoyin Salala a TikTok. Gari ne a kudancin ƙasar Oman, a yankin Zufar, bakin Tekun Larabawa. Daga watan Yuni zuwa Satumba iskar teku kan kawo musu hazo da yayyafi, duwatsu su yi shar da ciyawa. Suna kiran lokacin Kharif. Mutanen Saudiyya da Dubai da Kuwait sukan guje wa zafin ƙasashensu su cika garin. Su je Wadi Darbat kallon ruwa yana gangarowa daga dutse, su hau ƙananan jirage. Su je gaɓar Mugsail, inda ruwan teku ke feso kansa sama ta ramukan dutse.

To tsaya ka duba da kyau. Me Salala ke sayarwa? Damina ce fa! Abin da Allah ke ba mu kowace shekara, kyauta.

Ka taso daga Sakkwato a watan Agusta, ka biyo ta Marnona ka nufi Goronyo. Can za ka tarar da madatsar ruwan Goronyo bisa Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984. Tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. In ta cika, wallahi sai ka ce teku. Ga masunta cikin kwalekwale, ga balbelu, ga iska mai sanyi da la'asar. Ka gangaro Wurno, ga fadamar shinkafa da albasa da tafarnuwa, ga hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1837. Rabah kuwa can aka haifi Sardauna. Ruwa da tarihi a yini guda.

Me ya sa baƙo bai zuwa? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Na farko tsaro. Gabashin Sakkwato na fama da 'yan bindiga, babu uban da zai kwashi iyalinsa zuwa shan iska a hanyar da ake tare mutane. Na biyu, ruwan kansa. Ambaliyar 2010 ta cinye gidaje da gonaki, kuma har yau kwalekwale na kifewa da mutane ranar kasuwa, saboda lodi ya yi yawa, babu rigar ceto. Su Oman sun zuba kwalta har bakin ruwa, sun sa shinge da ma'aikatan ceto, in teku ya tumbatsa su rufe wurin.

Tsaro da hanya aikin gwamnati ne, mu ci gaba da tambayar waɗanda muka zaɓa. Amma mu ma da namu. In za ka Goronyo, ka tambayi mutanen gari halin da hanya take, ka je da rana ka dawo da rana. Kada ka shiga jirgin da ya cika. Kada ka yi iyo kusa da ƙofofin madatsa. Ka sayi kifi wurin masunta, ka kwashe ledarka. In ka ɗauki hoto ka ɗora, ka rubuta sunan wurin, don duniya ta san muna da abin da ya wuce labarin hari.

Ku faɗa min a ƙasa: wane wuri ne a garinku ya cancanci baƙo? Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.